Mutum na uku a ɗakin likita: sharhi a kan jagoran Calgary-Cambridge daga mahangar harsunan Gaya

1. Gabatarwa

Littafin da wannan sharhi ya dogara a kai ba na ilimin harsuna ba ne, likitoci aka rubuta wa shi. Jonathan Silverman da Suzanne Kurtz da Juliet Draper ne suka wallafa shi da Ingilishi a 1998, aka sabunta shi a 2005 da 2013, sa'an nan fassararsa ta Faransanci ta fito a Jeneba a 2010 da sunan Outils et stratégies pour communiquer avec le patient. Ƙashin bayansa shi ne abin da ake kira jagoran Calgary-Cambridge, wanda Kurtz da Silverman suka fara fitarwa a 1996: jerin dabarun magana kimanin 70 da ake son ɗalibin likita, da likitan da ke karatun ƙwarewa (résident), su iya su kamar yadda suka iya awon jini ko ɗinkin rauni. Da shi makarantun likita da dama a Turai da Kanada suke koyar da abin da ake kira approche centrée sur le patient, wato duba marar lafiya ta hanyar sa shi kansa, da abin da ke ransa, a tsakiyar aiki, ba cutarsa kaɗai ba.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan sashen harsuna da wannan. To, duk abin da ke cikin jagoran gaisuwa ce da tambaya da karɓa-karɓar magana da shiru da wakilin suna, kuma waɗannan kayan aikinmu ne. Abin da muke son nunawa shi ne littafin ya ɗauka, ba tare da ya faɗa ba, cewa mutum biyu ne a ɗakin likita kuma harshensu ɗaya. Za mu gwada wannan zato a Gaya, inda sau da yawa mutum uku ne ko huɗu, harsuna kuma biyu ko uku.

2. Abin da littafin ya zo da shi

Gaskiya ita ce littafin ya yi aiki mai kyau. Ya raba ganawar likita da marar lafiya zuwa matakai biyar: buɗe zama, tattara bayani, duba jiki, bayani da tsara magani, rufe zama; ya kuma ratsa su da zare biyu, wato tsara ganawar da gina dangantaka. Ƙarfinsa shi ne bai tsaya ga wa'azi ba. Bai ce wa likita "ka zama mai tausayi" ya yi shiru ba, ya ce ga abin da za ka yi da bakinka da idonka, kuma ga binciken da ya nuna amfaninsa. Sanannen misali shi ne na Beckman da Frankel (1984) a Amurka, waɗanda suka gano cewa likita na katse marar lafiya bayan sakan 18 a matsakaici, kuma kashi 23 cikin 100 kaɗai ke kai ƙarshen maganarsu ta farko. A 2002 Langewitz da abokan aikinsa a Basel suka gwada barin mutane su yi magana ba katsewa: matsakaicin lokacin sakan 92 ne, kuma kashi 78 cikin 100 sun gama kafin minti biyu. Ke nan tsoron cewa marar lafiya zai cinye yini in an sake masa baki ba shi da tushe mai ƙarfi.

Kada kuma a yi saurin cewa kayan Turawa ne da bai shafe mu ba. Gaskiya ne tunanin ya taso daga Michael da Enid Balint a Ingila a shekarun 1950 da 1960, amma hanyar da jami'ar Western Ontario ta Kanada ta tsara a shekarun 1980 ta samo asali ne daga aikin Joseph Levenstein, likitan Afirka ta Kudu. Kuma a 1992 Henbest da Fehrsen sun gwada ta a can Afirka ta Kudun, tsakanin baƙaƙen fata, suka ga tana da amfani. A gida ma an nuna buƙatarta. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka shirya a 2003, Une médecine inhospitalière, ya bi cibiyoyin lafiya a Abijan da Bamako da Konakiri da Dakar da Yamai, ya tarar da abu kusan iri ɗaya ko'ina: ba gaisuwa, ganawa gajera, ba bayanin ciwo ko na magani, sa'an nan bambanci mai girma tsakanin wanda ya zo da sanayya da wanda ba a san shi ba. Saboda haka muhawararmu ba a kan ko a koyar da wannan hanya ba ce. A kan da wane harshe, kuma tsakanin su wa.

3. Ɗakin ganawa a Gaya

Gaya na kudancin jahar Doso, kimanin kilomita 150 daga birnin Doso, a bakin kogin Isa. Gada ce ta haɗa ta da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta Nijeriya kuma na kusa ta gabas. Kasuwannin nan uku tamkar kasuwa ɗaya ce mai ƙofa uku, kamar yadda Olivier Walther ya nuna a nazarinsa na 2008. Ko da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mutane sun ci gaba da ƙetare kogin da jiragen ruwa. Harsunan da ake ji su ne Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, ban da na baƙin kasuwa daga kudu. Akwai kuma Kyangawa, waɗanda harshensu na asali daga dangin Mande yake, amma mafi yawansu sun koma Hausa ko Dandanci. Hausar wurin ta yamma ce, mai lahiya da zahi da mi, ba wadda ake karanta labarai da ita a rediyo ba.

Shi kuwa likitan da aka turo asibitin gunduma, daga tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni ya fito, ko ta Maraɗi ko ta Damagaram, ko daga wata ƙasa. Da Faransanci ya yi karatu, da shi ya ci jarrabawa, da shi yake rubuta dosiye da ordonansi, alhali ƙiyasin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci na 2022 bai ba masu jin harshen a Nijar fiye da kimanin kashi 13 cikin 100 ba. Ɗan Damagaram ya iya Hausa amma mai yiwuwa bai iya Dandanci ba. Ɗan Tilaberi ya iya Zabarmanci, zai fahimci Dandanci da ɗan ƙoƙari, amma Hausarsa ta sayen kaya a kasuwa ce. Har wanda ya sha harshen a nono ma, bai taɓa yin tunanin likitanci da shi ba. Yana jin maganar da Hausa, yana tunani da Faransanci, yana fassara wa kansa a ɓoye ba tare da an taɓa koya masa fassara ba.

A cikin littafin na Silverman, batun bambancin al'ada yana can babin ƙarshe, tare da sanar da mummunan labari da ganawa ta wayar tarho da duba tsofaffi, a matsayin yanayi na musamman da ake ɗora wa ainihin dabaru. Abin da suka mayar gefe shi ne abincin yau da kullum a Gaya.

4. Tafinta

In likita da marar lafiya ba su haɗa harshe ba, ba ƙwararren tafinta ake kira ba. Wanda ke kusa ake jawowa: anfirmiye, ko mai shara, ko ɗalibi mai koyon aiki, ko mijin matar, ko ɗanta ɗan makaranta. Ga misali, ƙirƙirarsa muka yi don bayani, amma duk wanda ya taɓa raka wani asibiti zai gane fasalinsa:

(1) Likita: Demande-lui ce qui l'amène.
Tafinta: Ke, mi ya kawo ki?
Mace: Wallahi tun bayan sallar layya jikin bai yi mini daɗi ba. In na tashi da sahe sai in ji kamar an ɗaure mini ƙugu, ga zahi na taso mini, abinci ma ba ya shiga. Ga shi maigidan ya yi tahiya, ni kaɗai ce da yara.
Tafinta: Elle a mal au dos.

Abu uku suka faru a nan, kuma babu ɗaya da jagoran zai kama, domin likitan ya cika ƙa'ida: ya yi buɗaɗɗiyar tambaya, bai katse kowa ba. Na farko, tambayar ta sauya hali a hanya. Qu'est-ce qui vous amène magana ce ta ladabi a Faransanci. "Me ya kawo ki" kuwa, a Hausa, ba a faɗa wa baƙon da ake maraba da shi, kusan kora ce. An kuma sauke vous zuwa "ke" tsirara, ba Inna, ba Hajiya, ba baiwar Allah. Na biyu, tafinta ya yi aikin likita: shi ya zaɓi alamar da ta cancanci a ji, ya zubar da lokacin da ciwon ya fara, da rashin cin abinci, da zahi, da halin gida, wato daidai abin da hanyar nan ta ce a nema. Katsewar sakan 18 ba ta ɓace ba, ta koma hannun wani ne, inda likita ba ya ganinta.

Na uku ya fi zurfi. Tun 1946 Émile Benveniste ya nuna cewa je da tu ne kaɗai mutane a cikin zance, il kuwa ya kira shi non-personne, wanda ake magana a kansa ba wanda ake magana da shi ba. Daga lokacin da likita ya ce demande-lui, marar lafiya ta fita daga zancen ta fuskar nahawu. "Ni" da "kai" sun zama likita da tafinta, ita ta zama "ita". Yaya za a sa mutum a tsakiya alhali wakilin suna ya riga ya fitar da shi waje? Wannan ba laifin hali ba ne da za a gyara da nasiha. Tsari ne, kuma ana koyar da gyaransa: likita ya fuskanci marar lafiya ya yi mata magana kai tsaye, ya yanka maganarsa gajeru, ya gaya wa tafinta tun farko cewa komai yake son ji har abin da ake ganin ba shi da amfani, in kuma ya ga doguwar magana ta dawo kalma huɗu ya tambayi ina sauran.

Akwai alƙaluma a kan haɗarin. Glenn Flores da abokan aikinsa (2003) sun ɗauki ganawa 13 a wani asibitin yara a Amurka, tsakanin masu Ingilishi da masu Sifaniyanci, suka ƙirga kuskuren fassara 396, wato kimanin 31 a kowace ganawa. Fiye da rabi tsallake magana ne. Kashi 63 cikin 100 na iya shafar magani, kuma adadin ya kai kashi 77 a bakin tafintocin da aka jawo a tsaye, ya tsaya a 53 a bakin na asibiti. Wannan fa tsakanin harsuna biyu ne masu ƙamus na likitanci da aka daɗe da daidaitawa. Mu kuwa a wannan yanki mun san tafinta tun zamanin kumandan, mun san cewa mai riƙe da ƙofar magana yana riƙe da iko.

5. Gaisuwa, kunya da "to"

A ce ma an yi sa'a, likita da marar lafiya duk Hausa suke ji. Jagoran ya ce a gaisa, a gabatar da kai, sa'an nan a yi tambayar buɗewa. Matakin gaisuwa a wurinsa layi ɗaya ne. A Hausa kuwa gaisuwa jeri ce mai amsoshi da aka riga aka yanke, kuma amsar ba rahoto ba ce:

(2) Ina kwana? Lahiya lau.
(3) Ya jikin? Da sauƙi.

Mutumin da aka kawo a kan amalanke, in yana iya buɗe baki, "da sauƙi" zai ce. Haka Bazabarme zai ce baani samay. Likitan da ya rubuta amélioration a dosiye saboda (3) ya ɗauki gaisuwa a matsayin bayani. Ainihin magana tana zuwa ne bayan an gama jerin, sau da yawa bayan "sai dai" ko "amma fa", kuma ba ta zuwa in ba a bar mata wuri ba. Don haka tambaya ta biyu ce ke buɗe zama a Hausa, ba ta farko ba: "to madalla, yanzu ina ne ya fi matsa miki?"

Jagoran ya kuma nace a tambayi marar lafiya ra'ayinsa a kan ciwon, da abin da yake tsoro, da abin da yake sa ran a yi masa. Wannan ya yi daidai da tambayoyin da Arthur Kleinman da abokansa suka ba da shawara a 1978. Manufar mai kyau ce, amma a fassara ta kai tsaye a ji: "kai me kake tsammani ke damunka?" Amsar da aka fi samu ita ce "ai ku ne likita", ko "Allah ne masani". Wani ma zai fita yana cewa yaron bai san aikinsa ba. Murray Last, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi, ya rubuta a 1981 cewa mutane da yawa ba su da cikakken bayanin sababin ciwo, kuma ba su damu da su same shi ba. Rashin sanin kansa wani matsayi ne. Bayan haka akwai abin da mutum ya sani amma ba zai faɗa wa mai farar riga ba, kamar iska ko sammu ko jiƙon da ya sha kwana bakwai, don gudun faɗa. Hanyar da ta fi dacewa da harshen ita ce a ɗora maganar a bakin wasu: "a gida me suka ce shi ne?", "me aka gwada kafin a zo?" Da haka mutum zai faɗi ra'ayinsa ba tare da ya ɗauki alhakinsa ba.

Kunya ma tana da nahawunta. Mace ba za ta ce tana haila ba, za ta ce ba ta salla. Ba za ta ce tana da ciki ba, za ta ce ta yi ɓatan wata, ko ta yi shiru wata ta faɗa. Uwa na iya ƙin kiran sunan ɗanta na fari, a ga kamar ba ta damu da shi ba. Littafin ya ba haɗa ido muhimmanci a matsayin alamar saurare. Budurwar da ta sunkuyar da kai gaban namiji babba ladabi take yi, in aka kafa mata ido sai bakin ya ƙara rufewa.

Sai "to". A matakin bayani da tsara magani, jagoran na son a cim ma yarjejeniya, a kuma tabbatar an fahimta. "To" na iya zama na yarda, na iya zama na ji, na iya zama ka gama in tafi. Aikatau ji kansa ya haɗa saurare da fahimta da jin ciwo, don haka "kin ji?" ba ta auna komai, babu mai cewa a'a. A nan dabarar littafin ta a sa mutum ya maimaita bayani da bakinsa tana da amfani ƙwarai, muddin an cire mata kamannin jarrabawar makaranta: "in kin koma gida maigida ya tambaye ki yadda za a sha, me za ki ce masa?" Kuma trois fois par jour ya fi zama a kai in an ɗaura shi ga asuba da azahar da lisha.

6. Kalmomin ciwo

Abin da aka saba yi in an tuna da harshe shi ne a buga ɗan ƙamus: kalmar Faransanci a hagu, ta Hausa a dama. A ganinmu wannan ya fi rashinsa haɗari in ba a yi hattara ba, domin yana ba likita tabbacin da babu shi. Littafin da Jaffré da Olivier de Sardan suka shirya a 1999, La construction sociale des maladies, ya nuna cewa sunayen ciwo na jama'a ba su hau kan na likita ɗaya bisa ɗaya ba. Zahi na Hausa da weyno na Zabarmanci, waɗanda Faransancin gida ke fassarawa da hémorroïdes, ciwo ne na cikin ciki da ake ganin kowa na ɗauke da shi, yana kwanciya yana tashi, yana iya fitowa a matsayin ƙullewar ciki ko jiri ko kasala. Matar misali na (1) da ta ce zahi na taso mata ba lalle zazzaɓi take nufi ba, ba lalle basir ba.

(4) Sanyi ke damuna.
(5) Gabana na faɗuwa.
(6) Ciwon zuciya gare ta.

Jimla ta (4) na iya nufin ciwon gaɓoɓi, na iya nufin ciwon al'aura da ake jin nauyin ambata. Ta (5) na iya zama bugun zuciya da awo zai nuna, na iya zama fargaba. Ta (6) na iya kai mutum wurin likitan zuciya alhali baƙin cikin gidan aure ne, ko a sallame ta da haƙuri alhali zuciyar ce da gaske. Abin da za a koya wa likita ba ma'anar kalmar ba ce kawai, a'a, ya san cewa kalmar ƙofa ce, ya tambayi yadda abin ke yi, da ina, da yaushe. A nan jagoran ya yi daidai da ya ce a nemi ƙarin bayani a kan duk kalmar da ba ta fito sarai ba. Matsalar ita ce kalmar da aka riga aka fassara tana zuwa ne kamar ta fito sarai.

7. Wane ne majinyaci?

Da muka zo fassara sunan hanyar kanta sai muka ci karo da abin da ya fi duk na baya. Kalmar da ke kusa da patient ita ce majinyaci, daga jinya. Amma jinya fuska biyu gare ta:

(7) Yana jinya a Doso.
(8) Yana jinyar mahaifiyarsa a Doso.

A (7) shi ne kwance, a (8) shi ne zaune a bakin gado. Mai jinya ma haka, a bakin mutane ana jin ta ga wanda ke ciwo da wanda ke kula da shi. Harshen bai raba su da kaifi ba domin rayuwa ba ta raba su ba: a asibitocinmu ɗan rakiya ne ke kawo abinci, ya yi wanki, ya je sayen magani, ya nemo kuɗi, sau da yawa kuma shi ko wanda ya aiko shi ke yanke shawarar a yi aiki ko a koma gida. Likitan da ya kammala kyakkyawar yarjejeniya da matar aure ita kaɗai, bai sa wanda zai biya kuɗin mota zuwa Doso a ciki ba, ya yi yarjejeniya da iska.

Sai dai kada a juya wannan ya zama hujjar mayar da marar lafiya ƴar kallo da sunan al'ada. Inda miji ne tafinta kuma shi ne mai kuɗi, akwai maganar da ba za ta taɓa fitowa ba: duka, ko tsarin iyali, ko ciwon da aka ɗauko daga gare shi. A nan nacewar littafin a kan mutum shi kaɗai da sirrinsa kariya ce ga mai rauni, kuma muna tare da shi. Ƙwarewar da ake buƙata biyu ce a haɗe, wato shigar da ɗan rakiya da kuma fitar da shi ba tare da an ci masa fuska ba. "Malam, a ɗan ba mu wuri mu duba ta, yanzu za mu kira ka" jimla ce da ta cancanci a yi atisayenta a aji kamar ɗaurin zare.

8. Horo

Nijar ta taɓa tsara horon likita daga buƙatar gunduma. A 2005 ma'aikatar kiwon lafiya da tsangayar Yamai suka fara ba likitoci na gama-gari horon wata 12 a kan tiyata don su yi aiki a asibitocin gunduma, kuma a jahar Doso ne Sani da abokan aikinsa suka auna sakamakon shekarar 2007. In an iya yin haka da wuƙa, ana iya yi da harshe. Akwai kuma abin koyi a jami'ar Cape Town, inda tun farkon shekarun 2000 ɗaliban likita ke koyon isiXhosa da Afrikaans a cikin darasin duba marar lafiya, ana kuma jarraba su a kai. Wannan na ƙarshen shi ne muhimmi, don ɗalibi ba ya ɗaukar abin da ba a ba shi maki da gaske. A jarrabawar aiki da ake kira ECOS, inda ɗalibi ke bin tashoshi yana duba masu kwaikwayon ciwo, ya kamata a sami tasha da Hausa ko Zabarmanci, da wata wadda mai kwaikwayon ke jin harshen da ɗalibin bai iya ba, da tafinta a tsakani wanda aka umurta ya taƙaita.

Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan na iya buɗe wa Hausa ƙofar tsangayar likita, amma a Gaya bai warware komai shi kaɗai ba. Matar masunci mai Dandanci da Bafillatanar da ta zo daga ruga suna nan yadda suke, kuma daidaitacciyar Hausa mai "zazzaɓin cizon sauro" na iya zama wani Faransancin ga wadda ta ce masassara.

Abin da sashenmu zai iya bayarwa shi ne abin da jagoran Calgary-Cambridge ya tsaya a kai a ƙasashensa: ganawa ta gaske da aka ɗauka a faifai, aka rubuta kalma bayan kalma, da shirun da katsewar da abin da tafinta ya zubar, cikin Hausar yamma da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci. Daga irin wannan taska ne za a fitar da jimlolin buɗewa da na tambaya da na sallama da suka yi aiki, maimakon a fassaro su daga Jeneba. Aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya yi tare da likitoci masu karatun ƙwarewa, kowa na gyara kunnen ɗan'uwansa. Wahalarsa ta farko ita ce izini, kuma ita ma matsalar "to" ce: wanda ke jiran a duba shi ba zai ce wa likita a'a ba. Dole a nemi izinin da baki, da harshen mutumin, a wajen ɗakin ganawa, daga bakin wanda ba ya sanye da farar riga, a kuma sake tambaya bayan an fito ko a ajiye faifan ko a shafe.